Kifin da ake kamawa a mayar: muhawara a kan kogin San Huwan

Baban Hanifa: Salamu alaikum 'yan zaure. Masu tambaya wane irin su ne ake yi a nan jihar Niyu Meziko ta Amurka, da mutum zai shiga ruwa har ƙugu yana kaɗa igiya a sama, ga bayani. Sunan kogin San Huwan, yana arewa maso yammacin jihar, gabas da garin Farminton. A 1962 gwamnatin tarayyar Amurka ta gama gina dam ɗin Nabaho a kansa, dam na ƙasa mai tsayin mita 120 da 'yan kai. Kafin nan kogin hamada ne, jan ruwa mai laka, ya yi ɗumi lokacin zafi, ya cika ya batse idan ƙanƙarar duwatsun Kolorado ta narke. Yanzu ruwan da ke fitowa daga gindin dam ɗin garai-garai yake, kana ganin tsakuwar ƙasa, kuma sanyinsa bai cika wuce digiri 5 zuwa 8 ba, rani da damina. Wannan sanyin ne ya sa kifin tirawut ya samu wurin zama. Kimanin kilomita 6 na farko daga bakin dam an keɓe su da doka ta musamman: ba a sa tana ko wani koto mai rai, sai koton hannu irin su ƙwaron da aka ɗaura da zare da gashin tsuntsu, ƙugiya kuma sai an danne mata ƙayar bakinta, kuma duk kifin da ka kama sai ka mayar da shi ruwa. Mutane na zuwa daga Turai da Japan saboda wannan ɗan yankin kawai.

Maman Sadik: Wa alaikumus salam. Baban Hanifa tsaya tukuna. Ka tuƙa mota, ka sayi lasisi, ka shiga ruwan ƙanƙara, ka kama kifi, sannan ka ce masa sauka lafiya? Maman Hanifa kuma tana gida ta jajjaga kayan miya tana jira? Allah ya ba ta haƙuri.

Baban Hanifa: Hajiya ai ta san kwanan zancen, ranar da zan tafi kogi kaza take fitarwa daga firiza.

Kawu Ɗan Yauri: Ni abin da ban gane ba shi ne koton. Mu da muka tashi a su, mun san kifi da hanci yake farauta kafin ido. Tarwaɗa ko a duhun dare za ta sami tana. Ramboshi sai ka sa masa abin da ya fara wari. To yaya za a yi kifi mai hankali ya bar abinci ya haɗiyi zare da gashin kaza? Ko dai yunwa ce ta yi musu yawa a wurin?

Baban Hanifa: Kawu, yunwa ba ta cikin matsalarsu, ƙoshi ma shi ne wahalar masu fatsa. Tirawut da ido yake ci. Yana tsayawa wuri guda ya fuskanci inda ruwa ke tahowa, abinci na zuwa masa har baki. A San Huwan yawancin abincinsa wasu ƙananan ƙwari ne masu siffar sauro amma ba sa cizo. Tsutsarsu na rayuwa cikin laka da gansakukar ƙasan kogi, wata ja wata baƙa, tsawonta milimita kaɗan. Da yake sanyin ruwan ba ya canzawa, suna ƙyanƙyasa kusan kowace rana ta shekara. Kifin da ke cin waɗannan daga safe zuwa dare shi ne za ka gani ya kai santimita 40 zuwa 50.

Saboda haka ƙwaron da muke ɗaurawa ƙarami ne ƙwarai. A lambar ƙugiya, ƙaruwar lamba ƙanƙanta ce, mu kuwa lamba 22 da 24 muke amfani da su, wasu har 26. Zaren da ke riƙe da ƙugiyar kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na milimita ba. Abu mara nauyi haka ba ya jefuwa, shi ya sa babbar igiyar ce ke da nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya da sanda mai tsawon mita 2.7, ta ɗauki ƙwaron ta kai shi. Amma jifar ba ita ce gwaninta ba. Gwaninta ita ce ƙwaron ya gangara daidai da gudun ruwa, kamar ba a ɗaure yake ba. Ruwan tsakiya ya fi na gefe gudu, to idan ya ja igiyarka, ƙwaron zai yi ɗan sauri, kifin kuwa ya sha ganin irin wannan, sai ya kauce kawai. Don haka kullum kana ɗaga igiyar kana mayar da cikinta wajen da ruwa ke tahowa. Akwai ɗan ƙullin ulu ko roba da ke yawo a saman ruwa, idan ya ɗan tsaya ko ya nutse sai ka ɗaga sanda a hankali. Ka fizga da ƙarfi irin na fatsar gida, zaren ya tsinke.

Kawu Ɗan Yauri: To yanzu na ji magana. Kawara ma haka take, idan shinge ya faɗo kan ruwa farkon damina za ka ga tana tsalle tana cafkewa. Amma wahalar ta yi yawa ɗana. Birgi ɗaya a wurin nan da ka faɗa ai an gama.

Baban Hanifa: Birgi ɗaya kuma sai kotu, Kawu.

Malam Na-Zazzau: Ina da magana a kan mayarwar nan, kuma ba wasa nake ba. A Risala an faɗa ƙarara cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Akwai kuma hadisin da ya hana a mayar da abu mai rai abin bara. Kifin nan an soke shi a baki, an ja shi yana fizge-fizge, an fito da shi inda ba ya numfashi, an ɗauki hoto, an sake shi, gobe wani ya maimaita. Wace buƙata aka biya? Wanda ya kama ya ci, ya ciyar da iyali, babu mai ce masa komai. Ban ce haramun ba, kada a ɗora mini, amma raina bai kwanta ba.

Baban Hanifa: Allah ya gafarta Malam, ba zan yi jayayya da nassi ba. Kuma gaskiya a wuraren da jama'a suka fi taruwa, kamar babban gurbin da suke kira ramin Tekzas, za ka kama kifin da leɓensa duk tabo ne. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Abin da zan ce kawai, dokar ba don jin daɗin masu hoto aka yi ta ba. Mutanen da ke zuwa wurin sun yi yawan da idan kowa zai tafi da biyu, kafin shekara ta zagayo babu sauran babban kifi. Ƙugiyar ƙwaro a leɓe take kamawa, tana kuwa kifi haɗiye ta yake har ciki, shi ya sa aka hana ta a wurin. Ana kuma koya wa mutane su jiƙa hannu kafin su taɓa shi, kada su ja shi har ya galabaita, kada ya daɗe a iska. Daga inda yankin dokar ya ƙare kuwa, an yarda ka sa koto ka tafi da kifi biyar a rana.

Malam Na-Zazzau: To ai ka ba ni amsa da bakinka. Tunda ga inda aka halatta ka kama ka ci, me ya kai ka inda sai dai ka wahalar da shi?

Maman Sadik: Malam ya kama ka da ƙugiya mai ƙaya.

Baban Hanifa: Can ne manyan suke, Malam, wannan ita ce gaskiyar. Ina zuwa duka biyun.

Ɗan Kabi: Ni ban ga baƙon abu a hana cin kifin wani wuri ba. Matan Fada a Argungu ai haka take, ba mai jefa homa sai ranar da aka buɗe, kuma Sarkin Ruwa na tsaye a kai. Shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗaga. Bikin nan tun 1934 ake yin sa, a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake karewa. Bambancin kawai mu muna haƙuri ne na shekara mu ci, su kuwa haƙurinsu ba ranar ci.

Malam Na-Zazzau: Bambancin nan da ka ce "kawai" shi ne dukkan maganata.

Injiniya Kaduna: Ku bar ni in koma kan ruwan, don akwai wanda ya tambaye ni ta gefe ko za a iya zuba tirawut a ƙasan Kainji ko Shiroro. Ba zai yiwu ba. A ƙasashen sanyi, babban tafki yana rabuwa hawa-hawa. Rana na ɗumama na sama, na ƙasa kuwa ruwan hunturu ne da na narkakkiyar ƙanƙara, ya fi nauyi, sai ya kwanta a gindi, don ruwa ya fi nauyi a wajen digiri 4. Dam ɗin da ƙofar fitarsa ke ƙasa wannan ruwan yake saki. Mu kuwa ba mu da hunturun da zai ajiye irin wannan sanyi. Gindin tafkunanmu ya fi saman sanyi kaɗan, amma yana sama da digiri 20, kuma a watannin zafi iskar shaƙa tana ƙarewa a can ƙasa. Tirawut daga digiri 20 yake fara wahala. A jihar Montana idan koguna suka yi ɗumi har hana fatsa ake yi daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare. A Afirka inda yake rayuwa sai kan duwatsu: Kenya, inda Turawa suka kai shi tun 1905, da Lesoto, da Afirka ta Kudu, da tsaunukan Bale a Habasha.

Ɗan Garwa: Amma salon fatsar ya iso mana. A kogin Faro nan Kamaru baƙi na zuwa da irin wannan sandar lokacin rani, suna kama tsage da rana, giwan ruwa da dare, da wani ƙaton ƙwaron gashi mai siffar ƙaramin kifi. Su ma mayarwa suke yi. Sai dai zarensu ba irin na Baban Hanifa ba ne, don tsage sai an sa masa waya.

Dakta Bilki: Na karanta duka, kuma akwai wanda ba a ambata ba: kifin da ke kogin kafin a gina dam. Baban Hanifa ya ce jan ruwa ne mai laka, kamar ba kowa a ciki. Akwai. Kogunan yankin Kolorado suna da kifayen da babu su a ko'ina a duniya. Ɗaya daga cikinsu, wanda a da ake kamo mai tsawon kusan mita 1.8, shi ne babban mafaraucin kogin, yana tafiyar ɗaruruwan kilomita don ya yi ƙwai. Wani kuma mai ƙusumbi ne a bayan kai. Dukansu ruwan ɗumi da laka da ambaliya suke buƙata. Dam ya tare musu hanya, ya sanyaya ruwan, ya tace lakar. Yau suna cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu.

Kuma ba dam kaɗai ba ne. A watan Satumba na 1962, kafin a rufe dam ɗin Fulemin Goj, hukumomin kifi sun zuba guba a kogin da dam ɗin ke kai, wato Girin, wani reshen kogin Kolorado, da rassansa, tsawon fiye da kilomita 600, don a kashe kifin da suke kira na banza a share wa tirawut fili. Gubar sunanta rotinon, daga tsirrai ake samunta, dangin abin da ke cikin magimfa. Tirawut ɗin kansa baƙo ne a wurin, kuma iri biyu ne. Mai jan zane a gefe daga gaɓar tekun Fasifik aka kawo shi, mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗige kuwa ƙwansa daga Jamus ya shiga Amurka a 1883. A San Huwan na Jamus ɗin ne ke hayayyafa da kansa, ɗayan kuwa yawanci daga gidan ƙyanƙyasa ake kawo shi a zuba.

Kawu Ɗan Yauri: Innalillahi. Magimfa? Mu a wurinmu wanda aka kama ya zuba magimfa a ruwa gaban Sarkin Ruwa ake kai shi, ya yi tara, ya sha kunya. Ashe can hukuma ce da kanta ta zuba.

Baban Hanifa: Dakta ta faɗi gaskiya, kuma su ma ba sa musun ta yanzu. Tun 1992 akwai shirin farfaɗo da kifayen asali a San Huwan. Shekarar da aka samu ƙanƙara sosai, ana buɗe dam ɗin ƙarshen bazara a saki ruwa mai yawa don a kwaikwayi ambaliyar da. A kwanakin yau da kullum abin da ke fita bai wuce kubik mita 14 a daƙiƙa ba ko kusa da haka, amma lokacin sakin yakan kai 140. Masu fatsa na ƙorafi, don shiga ruwa da ƙafa ya zama haɗari, sai da kwale-kwale. Amma bayan ruwan ya janye ƙasan kogin ya wanku, ƙwari sun ƙaru. Can ƙasa kuma inda ruwan ya sake ɗumi, ma'aikata sun yi shekaru suna kwashe wata tarwaɗa da aka kawo daga gabashin ƙasar, saboda tana cinye 'ya'yan kifin asali, ƙayarta kuma tana maƙale wa manyan a wuya.

Maman Sadik: Tarwaɗa ake kwashewa don ta dame su? Ya Allah. A ba ni lambar mai kwangilar.

Ɗan Nguru: Ni wannan zancen sakin ruwan shi ya tsaya mini a rai, ba kifin ba. A bayanin Baban Hanifa, a yawancin kwanaki ruwan ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. To abin da ya kashe mu ke nan. Dausayin Haɗeja da Nguru da ambaliya yake rayuwa. Ruwa ya zo da damina ya malale fadama, kifi ya bi shi ya yi ƙwai cikin ciyawa, manomi ya shuka shinkafa. Ruwa ya janye, a shuka wake da alkama da kayan lambu a danshin, makiyayi ya shigo da shanu, masunci ya kwashe kifin da ya rage a tafkuna. Gona ɗaya, mutum uku. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, babbar ambaliyar ta ragu, sai wani ɗan ruwa da ke tafe duk shekara ba ya yankewa. Rafin da a da yake bushewa ƙaƙas da rani ya daina bushewa. Wa ya ji daɗi? Kacalla. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ruwa ya bar inda ake son sa ya tafi inda ba a so, jan baki kuma ya samu wurin kwana yana fitowa ya sauka a kan shinkafa. Su dam ya haifa musu kifin da ake zuwa gani daga Japan, mu ya haifa mana ciyawa.

Injiniya Kaduna: Ɗan'uwa ban ƙi taka ba, amma a faɗi ɗaya gefen. Ruwan Tiga shi ne noman rani na Kadawa da Kura, shi ne tumatir da shinkafar da ake lodi zuwa kudu, kuma Kano na sha daga ruwan dam ɗin nan biyu. Ba wanda zai rushe su. Nabaho ma ba don kifi aka gina shi ba, don ajiyar ruwa ne da ban ruwa, har da babbar gonar ƙabilar Nabaho. Tirawut tsintuwa ce aka yi daga baya. Kuma can ma an tashi mutane, ƙauyen Rosa yana ƙarƙashin tafkin yanzu.

Kawu Ɗan Yauri: Kamar tsohon garin Bussa ke nan a 1968. Mu da muke sama da Kainji tafki muka samu, kifi ya yi yawa shekarun farko har baƙin masunta suka cika gari. Na ƙasa da dam su ne suka ga canji, don farin ruwa da baƙin ruwa, wato ambaliya biyun da kogin ke yi a shekara, duk sai yadda aka sakar musu.

Dakta Bilki: Injiniya, ba rushewa Ɗan Nguru ya nema ba. Abin da San Huwan ke nunawa shi ne ƙofar dam ana iya buɗe ta da lissafin na ƙasa. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin babban ruwa daga Tiga da Challawa cikin damina, a kuma rage na rani sosai a wasu rassan don kacalla ta bushe a ƙone ta. Ilimin ba sabo ba ne.

Baban Hanifa: A nan abin da na lura da shi, kifin yana da masu tsaya masa. Tun 1950 akwai dokar tarayya da ta ɗora haraji a kan kayan fatsa, kuɗin yana komawa jihohi don kula da kifi, ga kuɗin lasisi. Masu shagunan ƙugiya da masu rakiyar baƙi a kwale-kwale da masu masauki duk cikinsu na kogin ne. Hukumar da ke riƙe da dam ɗin tana kiran taron jama'a a kan yadda za a saki ruwa, kuma ana sanar da ranar ƙari ko ragi tun kafin ta zo. Kifayen asali kuma dokar kare halittu ta 1973 ce ta tsaya musu, ita ta tilasta ambaliyar.

Ɗan Nguru: To ka gani. Kifi mai ƙusumbi yana da doka, yana da lauya. A dausayinmu mutane ne, ba kifi ba, sun fi miliyan.

Na-Tillaberi: Ina bin ku a hankali don mu a Nijar namu yana tafe. Dam ɗin Kandaji tun 2008 aka aza harsashinsa a kan Isa, wato kogin Neja, har yau ana aiki. Ana maganar wuta da noman rani da kuma a riƙe wa Yamai ruwa lokacin da kogi ke ja baya. Duk muna so. Amma Sarkawa da masu ciyawar burgu a tsibirai, waɗanda shanunsu da kifinsu ke jiran hawan ruwa da saukarsa, a rubuta musu rabonsu tun ƙofar ba ta rufu ba. Injiniya, a ƙa'ida yaushe ake tsara wannan, kafin gini ko bayan?

Injiniya Kaduna: Kafin, tun a zane. Girman ƙofofin da tsayin da aka sa su shi ke yanke iyakar ruwan da za ka iya saki da kuma daga wane hawa zai fito. Idan ƙofar ƙarama ce, ko ka so yin ambaliya ba ta yadda za ka yi sai tafki ya cika ya zubo ta sama. Ana iya gyara daga baya amma da tsada. A Fulemin Goj ɗin da Dakta ta ambata, ruwan gindin ya zo da sanyin da tirawut ɗin ma ya kasa girma, sai a 1978 aka ƙara wa dam ɗin na'urar ɗibar ruwa daga hawa na sama don a ɗumama kogin.

Malam Na-Zazzau: Wato an kashe na gida don baƙo, baƙon ma sanyi ya hana shi sakat. Baban Hanifa, ina nan a kan bakata. In ka je wannan makon ka gangara ƙasa inda aka yarda, ka kama biyar ɗinka, ka kai wa Maman Hanifa.

Maman Sadik: Kuma a faɗa mana ko yana da ƙaya, don ni tambayata ke nan tun ɗazu ba wanda ya kula ni.

Baban Hanifa: Yana da ita Hajiya, sirara, amma in ya gasu ƙashin bayan na ɗagowa da su gaba ɗaya. Ba ya son doguwar wuta, kuma bai da jikin da zai jure farfesu irin na tarwaɗa, dagargajewa yake. Gishiri da lemun tsami da ɗan yaji sun ishe shi.